Hoton da Ke Zuwa a Zuci Idan Ana Karanta Labari: Tambayoyi da Amsoshi

Masu karanta ƙagaggun labarai a Zariya iri-iri ne. Akwai ɗaliban jami'a na Samaru da na Kongo da ke karatu don jarrabawa, akwai matan aure da 'yan mata da ke bin labari shafi-shafi a waya, akwai dattawan cikin birni da har yanzu suke adana tsofaffin littattafan da aka buga a maɗaba'ar Gaskiya. Duk inda aka zauna hirar karatu da su, sai magana ta gangaro kan abu guda: me mutum yake gani a ransa idan yana karatu, kuma daga ina abin yake zuwa? Ga tambayoyin da aka fi yi.

Malam, wai da gaske mai karatu yana ganin abin da yake karantawa, ko dai salon magana ne kawai?

Ga yawancin mutane, da gaske ne. Gwada da kanka: ɗakuna nawa ne a gidan da ka tashi? Da wuya a ce kana riƙe da adadin a ka. Abin da za ka yi shi ne ka shiga ta zaure a zuci, ka ratsa tsakar gida, kana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan shigar da ka yi, ita muke magana a kai.

Masana sun daɗe suna auna abin. A 1910 wata mai bincike a jami'ar Cornell ta Amurka, Cheves Perky, ta zaunar da mutane gaban wani allo, ta ce su ƙura masa ido su kawo hoton ayaba ko tumatir a ransu. Ba su san cewa tana haska siffar abin daga bayan allon ba, dishi-dishi. Sai suka ɗauka abin da suke gani tunaninsu ne. Wasu har mamaki suka yi da ayabar ta zo musu a tsaye, alhali a kwance suka yi niyyar ganinta. A 1978 Stephen Kosslyn da abokan aikinsa suka sa mutane haddace taswirar wani tsibiri, aka ɗauke taswirar, aka ce su yi tafiya a zuci daga wannan wuri zuwa wancan. Gwargwadon nisan wuraren a taswira, gwargwadon daɗewarsu kafin su ce sun isa. Sannan a 2022 masu bincike a birnin Sidni na Ostireliya suka nuna cewa idan mutum ya kawo hoton abu mai haske a ransa, ƙwayar tsakiyar idonsa tana tsukewa kamar ta wanda ya kalli haske na gaske.

Dalili shi ne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani, wanda ke wajen ƙeya, yana cikin wuraren da ke motsawa idan ana kawo hoto a zuci. Sai dai motsin bai kai na ganin ido ƙarfi ba.

To daga ina hoton yake fitowa, tunda marubuci bai zana komai ba?

Daga wurinka yake fitowa, ɗan'uwa, kuma duk sauran amsoshin nan a kan wannan suka dogara.

Ɗauki wannan jimla: "Ta tsaya a bakin zaure, ta leƙa, ta ga ba kowa." Marubuci bai ce zauren na ƙasa ne ko na bulo ba. Bai faɗi launin mayafinta ba, bai ce hantsi ne ko la'asar ba, bai ce da tabarma a shimfiɗe ba. Amma wanda ya tashi a Kwarbai ko Limancin Kona tuni ya ga zaure mai kaurin bango, da sanyin nan da ke tarar mutum in ya shigo da rana tsaka, wataƙila har da buzu da allunan almajirai jingine. Yarinyar da ta tashi a gidajen ma'aikata na Samaru, inda ba a yin zaure, sai ta aro na gidan kakarta, ko wanda ta gani a fim. Jimla ɗaya ce ta haifi zaure biyu, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Maginan zamanin da na cikin birni ba sa ɗauko ƙasa daga nesa. Kududdufin da ke bayan unguwa, nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen unguwar. Haka mai karatu yake. Marubuci ya shata fili, ya ce nan zaure, nan turaka, amma ƙasar da za a yi tubali da ita daga kududdufin mai karatu za ta fito, wato abin da ya taɓa gani da ji da shaƙa tun yana yaro.

Masanin falsafa ɗan ƙasar Folan, Roman Ingarden, ya yi wannan bayani tun 1931. Ya ce kowane labari cike yake da gurabe da marubuci bai cike ba, kuma ko ya so ba zai iya cike su duka ba. Wolfgang Iser na Jamus ya ɗora a kai a shekarun 1970, ya nuna cewa cike waɗannan gurabe shi ne ainihin aikin mai karatu. Akwai kuma gwajin Frederic Bartlett na jami'ar Kambirij, wanda ya wallafa a 1932. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta asalin mutanen Amurka ta Arewa su karanta, daga baya ya ce su maimaita. Da sannu suka riƙa sauya ta ba da saninsu ba: kwalekwale ya koma irin jirgin ruwan da suka saba da shi, farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi, abin da ba su gane ba kuma ya zube.

Mu ma haka muke yi. Bazazzagin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, in ya karanta labarinta, hazon hunturu yake ɗaukowa ya ƙara masa fari. Wanda bai taɓa zuwa bakin teku ba sai ya ɗauko dam ɗin Kubanni ya faɗaɗa shi har ya ɓace wa gani. Ko Sarauniya Amina ma, ba mu da wani zanenta da aka yi a zamaninta, amma kowane ɗan Zazzau yana da tasa Aminar a zuci, an haɗa ta daga dawakin hawan Sallah, da ganuwa, da zanen littattafan firamare, da fuskar wata mace mai kwarjini da ya taɓa sani.

Ina bin labari har ƙarshe, ina jin kamar na san jarumar ciki da waje, amma in aka ce in faɗi kamannin fuskarta sai in rasa. Ni kaɗai ce?

Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa. Masu karatu da yawa haka suke, sai dai ba sa lura sai an tambaye su.

Ki kawo hoton zabuwa a ranki. Ta zo? To ƙirga ɗige-ɗigen da ke jikinta. Ba za ki iya ba, domin ta zuci ba ta da adadin ɗigo. Kin dai san mai ɗige-ɗige ce, kuma wannan sanin ya ishe ki ki ji kamar kin gan ta cikakkiya. Hoton zuci ba irin na kyamara ba ne da ke ɗaukar komai lokaci guda. Inda hankali ya karkata nan yake fitowa, sauran wuraren a buɗe suke, kuma ba ma jin rashinsu.

Akwai dalilai biyu. Na farko, abin da hankali zai iya riƙewa lokaci ɗaya kaɗan ne. Masanin nan Nelson Cowan ya ƙiyasta shi a kan abu huɗu ko kusa da haka a 2001. Na biyu, sauri. Babban mutum da ya ƙware yana karanta kalma kusan 240 a minti ɗaya a Turanci, wato kalma huɗu kowane sakan. Ina lokacin tsayawa a zana hanci da gira? Shi ya sa abin da kike riƙewa game da jaruma shi ne tafiyarta, da yadda take mayar da magana, da abin da take yi in ranta ya ɓaci. Fuska kuwa takan zo ta wuce, wani lokaci ma ta sauya daga babi zuwa babi.

Me ke faruwa tsakanin ganin baƙi a takarda da zuwan hoton?

Ido ba ya bin layi sumul kamar yadda muke zato. Tsalle yake yi, ya tsaya kamar rubu'in sakan, ya sake tsalle. Wani likitan ido na Faransa, Émile Javal, ne ya bayyana haka a ƙarshen shekarun 1870. A kowace tsayawa, wani ɗan yanki a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda koyon karatu ya horar, yana gane haruffa ya haɗa su su zama kalma. Daga nan ma'anar ta bazu zuwa wuraren da suka shafi abin da kalmar ke nufi.

A 2004 aka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Kambirij, suna karanta kalmomin da ke nufin lasa da ɗauka da shuri. Wuraren da ke sarrafa harshe da hannu da ƙafa suka riƙa motsawa bi da bi, alhali mutanen na kwance ba sa motsi. A 2006 masu bincike a Sifen suka ga cewa karanta sunan tafarnuwa ko kirfa yana taɓa sashen da ke kula da ƙanshi. Akwai wani gwaji na Rolf Zwaan da abokansa a 2002 da nake so ƙwarai. An ba wasu jimla mai cewa an ga mikiya a sama, wasu kuma an ga mikiya a sheƙa, sannan aka nuna musu hoton mikiya. Waɗanda suka karanta ta sama sun fi saurin gane mai buɗaɗɗen fiffike, na sheƙa sun fi saurin gane mai naɗaɗɗe, ga shi kuwa ba jimlar da ta ambaci fiffike.

Ke nan abin bai tsaya a gani kaɗai ba. In marubuci ya ce ƙanshin ƙasa ya tashi bayan ruwan farko, ko ya ce an jefa daddawa a tukunya, akwai masu karatun da hancinsu ne zai riga idonsu amsawa.

Ni fa ba na ganin komai. In na rufe ido baƙi ƙirin ne, in ina karatu kalmomi kawai nake fahimta. Ciwo ne?

Ba ciwo ba ne, ba kuma alamar ƙarancin basira ba ce. Ka kwantar da hankalinka.

An san da irinku tun da daɗewa. A 1880 Francis Galton na Ingila ya rarraba tambayoyi, ya ce mutane su tuna teburin da suka karya kumallo a kai da safe, su faɗi yadda hoton ya fito musu. Wasu suka ce tar suke ganinsa kamar yana gabansu. Wasu kuma, cikinsu har da manyan masana kimiyya abokansa, suka ce ba su ga komai ba, har suna zaton masu cewa sun gani ruɗin kansu suke yi. Daga nan maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari, ba a cika waiwayarta ba.

Wanda ya farfaɗo da ita shi ne Farfesa Adam Zeman, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Exeter ta Ingila. A 2010 ya wallafa labarin wani dattijo ɗan shekara 65 da ya rasa ganin zuci bayan an yi masa aiki a jijiyar zuciya. Da labarin ya shiga jarida, sai mutane suka fara rubuto masa suna cewa su ai tun haihuwa haka suke. A 2015 ya fitar da bincike a kan mutum 21 daga cikinsu, ya raɗa wa yanayin suna afantasiya. Ƙididdigar da aka yi daga baya ta nuna kusan mutum 1 cikin 100 ba ya ganin komai sam, in kuma aka haɗa da masu gani dishi-dishi ƙwarai, adadin kan kai kusan 4 cikin 100. Wato duk babban ɗakin lacca a Samaru da wuya a rasa irinka a ciki. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda hoton ke zo musu tar kamar na ido. Sauran jama'a suna tsakani.

Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin finafinan zane na Pixar, ya bayyana a 2019 cewa shi ma ba ya ganin komai a zuci, kuma hakan bai hana shi aikin da duniya ta san shi da shi ba.

Wuri ɗaya ne nake cewa a nemi likita: in da kana gani, sai abin ya ɗauke farat ɗaya, musamman bayan buguwa a ka, ko shanyewar ɓarin jiki, ko matsananciyar damuwa. Wannan kam a je asibiti, ga na koyarwa nan a Shika.

To wanda ba ya gani, wane daɗi yake ji a labari?

Daɗi mai yawa, ta wata hanyar. Yana bin ƙullin labari da warwararsa, yana jin daɗin hirar taurari, yana auna halayensu, yana tausaya wa wanda aka zalunta. Ya san an shiga zaure, ya san ba kowa, ya san abin da hakan ke nufi ga matar, sai dai bai ga zauren ba. Da yawansu kan tsallake dogon siffantawa su nufi inda ake magana ko ake aiki. Da yawa kuma suna ganin hotuna a mafarki.

Akwai dai bambanci da aka auna. A 2021, a Sidni, an zaunar da mutane a ɗaki mai duhu suna karanta labarai masu ban tsoro, ana auna gumin fatarsu. Masu ganin zuci gumi ya ƙaru, masu afantasiya kuwa bai motsa ba. Da aka nuna wa kowa hotuna masu ban tsoro na zahiri, duka suka amsa iri ɗaya. Wato hoton zuci shi ke kai tsoron labari har cikin jiki.

Yaya zan san inda na faɗa?

Akwai ma'auni mai tambaya 16 da David Marks ya tsara a 1973, kuma har yau shi aka fi amfani da shi. Kana iya kwatanta shi a gida. Kawo fuskar wani ɗan'uwanka da kake gani kullum, sannan fitowar rana, sannan gaban shagon da ka saba zuwa a kasuwar Sabon Gari, sannan wani fili mai duwatsu da itatuwa, misali gindin Kufena da damina. Kowanne ka ba shi maki daga 1, wato ba hoto sam sai sanin abin, zuwa 5, wato tar kamar ganin ido. Ku yi tare da mutanen gida, za ku sha mamakin yadda 'yan ɗaki ɗaya ke bambanta.

Na karanta littafi, daga baya na kalli fim ɗinsa. Yanzu in na koma littafin, fuskar ɗan wasan nake gani, tawa ta da ta ɓace. Me ya sa?

Gani ya kori ji. Hoton da ka gina da kanka mai rauni ne, ga gurabe ko'ina. Na fim ya zo cikakke, da fuska da murya da tufafi, ka kuma kalle shi na awa biyu ko fiye. Da zarar ya shiga ma'ajiyarka, shi ne mafi kusa da hannu duk lokacin da aka ambaci sunan tauraron. Shi ya sa nake ba da shawara a riga karanta littafi kafin kallon fim ɗinsa.

A nan ina da magana da marubutanmu na intanet. Ya zama al'ada a liƙa hoton wata 'yar fim ɗin Indiya a saman kowane shafi a ce ga jarumar. Ban goyi bayan wannan ba. Kin ƙwace wa mai karatu aikin da ya fi komai daɗi a karatu, kin gama masa gini tun bai ɗebo ƙasa ba. Abin da ya fi damuna kuma shi ne yarinya 'yar shekara goma sha biyar da za ta karanta labari ashirin, kowanne jarumarsa fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya. A hankali sai ma'ajiyarta ta koyi cewa mace mai kama da ita ko da mahaifiyarta ba ta isa a gina labari a kanta ba. Da an bar gurbin a buɗe, da ta cike shi da fuskokin da ta sani.

Sauraren labari a rediyo ko YouTube daidai yake da karantawa?

Ta fuskar ma'ana, kusan ɗaya ne. A 2019 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun sa mutane sauraren wasu labarai, suka kuma sa su karanta su, suka tarar da cewa wuraren ƙwaƙwalwa da ke ɗaukar ma'ana kusan iri ɗaya suke amsawa.

Mu kam ta kunne muka fara. Duk wanda ya taɓa jin "Ga ta nan, ga ta nanku" da dare ya san Dodo, amma ba wanda aka taɓa nuna wa shi. Wani nasa mai gashi ne buya-buya, wani dogo ne har ya wuce rimi, wani ido kawai yake gani cikin duhu. Gizo ma, wasu yara gizo-gizo suke gani, wasu ɗan siririn mutum mai tsamin baki. Lokacin da Hukumar Talifi da aka yi a nan Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, masu karatun da ta tarar sun riga sun ƙware a ganin zuci tun daga gaban kakanninsu. A wancan zamani ma sau da yawa mutum ɗaya ke karantawa, jama'a na saurare.

Bambancin shi ne mai karanta maka ya riga ya zaɓa wa taurari murya, kuma shi ke riƙe da linzamin sauri. In kai ke karatu, kana iya tsayawa inda hoto ya yi maka daɗi, ko ka koma baya in ya kuɓuce.

Ina ganin hoton ya fi fitowa in na karanta da Hausa a kan Turanci. Zato ne?

Ba zato ba ne. A 2018 Sayuri Hayakawa da Boaz Keysar na jami'ar Chicago sun nuna cewa hoton zuci yana raguwa idan mutum yana aiki da harshen da ba nasa na gida ba. Harshen da ka sha da nono, kalmominsa a ɗaure suke da abubuwan da ka taɓa da hannunka. Wanda ka koya a aji, yawancin kalmominsa da wasu kalmomin aka ɗaure su.

Ga kuma amsa-kama, wadda Hausa ke da arzikinta. "Ya miƙe zumbur." "Gari ya yi tsit." "Ya faɗa ruwa tsundum." Kalma ɗaya ta kawo motsi da sauti da sauri gaba ɗaya, abin da dogon bayani ba zai yi ba.

Ni sabuwar marubuciya ce. Yaya zan siffanta wuri ko mutum har mai karatu ya gani?

Kada ki yi ƙoƙarin zuba masa duk abin da kike gani. Ba zai iya riƙewa ba, kuma in jerin ya yi tsawo tsallakewa zai yi. Ki zaɓi abu biyu ko uku da ba kowane ɗaki ke da su ba, ki bar masa sauran.

Duba waɗannan biyun. "Falo ne na alfarma, ya gaji da haɗuwa, an zuba masa kujeru masu tsada da labule na gani na faɗa." Wannan yabo ne, ba abin da ido zai kama. Ga ɗayan: "Kujerun falon har yanzu da ledarsu, ba mai zama a kai sai baƙo." Yanzu an ga kujerun, an ji ƙarar leda, an kuma san wani abu game da matar gidan wanda ba a faɗa ba.

Abu mai motsi ya fi abin da ke tsaye saurin fitowa a zuci. Maimakon ki ce dattijo ne dogo, ki sa shi ya sunkuya zai shiga ƙofa. In za ki zagaya da mai karatu cikin gida, ki bi hanyar da ƙafa za ta bi, daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida, kada ki yi ta tsalle da shi. Ki taɓa hanci da kunne da fata, domin cikin masu karatunki akwai waɗanda ta nan suke shiga labari, akwai kuma waɗanda ba sa ganin komai, su hira da hali za su riƙe.

Sai abu ɗaya da marubuta ke yawan mantawa: duk siffar da ke da muhimmanci, ki faɗe ta da wuri. In mai karatu ya yi babi goma da siririn saurayi a ransa, sai a babi na sha ɗaya kika ce ƙato ne mai tumbi, kin rushe masa abin da ya gina. Da yawa ma ba za su karɓa ba, da nasu za su ci gaba.

Ni uwa ce, kuma malamar firamare. Ana iya koya wa yaro wannan?

Ana iya ƙarfafa shi ga yawancin yara, Malama. A 1976 Michael Pressley ya koya wa yara 'yan shekara 8 su riƙa tsayawa bayan kowane yanki na labari su kawo hotonsa a rai, kuma sun fi waɗanda ba a koya wa ba tuna abin da suka karanta.

Sai dai akwai sharaɗi. Yaron da har yanzu yake fama da haɗa baƙi, duk hankalinsa na kan haruffa, ba sauran da zai yi hoto da shi. Irin wannan ki karanta masa ke, shi ya saurara. Ki tsaya a tsakiya ki ce, "Me ka gani?" In ɗaya ya ce rigar ja ce, ɗaya ya ce shuɗiya, alhali littafin bai faɗa ba, ki karɓi duka biyun, ki tambaye su inda suka samo. In littafin ya faɗa, ki mayar da su ga layin su duba. Ta haka suke koyon raba abin da marubuci ya bayar da abin da suka kawo.

Ki kuma cika musu ma'ajiya. Yaron da aka kai kasuwa, ya ga maƙera da marina, ya kalli hawan Daushe, ya hau Kufena ya hango gari, yana da abin da zai ɗebo. Wanda duk abin da ya sani daga fuskar waya ya fito, hotunan wasu zai yi ta maimaitawa.

In yaro ya ce bai ga komai ba, don Allah kada a ce masa ƙarya yake ko ba ya mai da hankali. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. A tambaye shi me ya gane, me ya ji a ransa, me yake zaton zai faru gaba.

Makaho da aka haifa da makanta fa?

Yana gina labari da sauti da taɓi da ƙanshi da sanin wuri: ina ƙofa take, taku nawa ne zuwa rijiya, daga wane gefe murya ta fito. Wani bincike na 1996 ya nuna cewa idan makafi suna karanta rubutunsu na taɓawa da yatsa, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani yana shiga aikin.

Karatu a waya yana rage ƙarfin hoton?

Wayar kanta ba ita ce matsala ba. A 2018 masu bincike a Sifen sun tattara sakamakon bincike 54 da suka kwatanta karatu a takarda da na fuskar na'ura. Takarda ta ɗan fi a rubutun bayani irin na makaranta, amma a labari zalla ba a ga bambanci ba.

Abin da ke kashe hoton shi ne katsewa. Sai an ɗan jima ana karatu kafin wuri da mutane su zauna a rai, kuma saƙo ɗaya da ya faɗo daga sama ya isa ya watsa su, a koma ginawa daga farko. Ga shi labaran da ake turowa a WhatsApp shafi ɗaya suke zuwa yau, na gaba sai jibi, a tsakani kuma an karanta na wasu marubuta uku, har ɗakin wannan jaruma ya cakuɗe da na waccan. In kina son labarin ya zauna miki, ki bari shafuka su taru kamar biyar ko shida, ki sauke su, ki kashe data, sannan ki fara daga sakin layi na ƙarshe na inda kika tsaya.